Yaya mai naƙasa zai kula da ciwon suga a kullum, kuma mene ne hukuncin tsarkinsa da sallarsa da azuminsa?

Tambaya

Ni gurgu ne tun ina yaro sakamakon shan inna, da keke nake yawo. Likita ya tabbatar mini da ciwon suga, ya ɗora ni a kan allurar insulin safe da yamma. A cikin 'yan'uwanmu masu naƙasa akwai makafi da kurame da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye, su ma da wannan ciwo. Yaya za mu kula da kanmu a kullum? Mene ne hukuncin alwalarmu da sallarmu da azuminmu? Kuma me yake kan waɗanda ke kula da mu?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Muna roƙon Allah Ya ba ka lafiya tare da 'yan'uwanka, Ya sanya abin da ya same ku ya zama kankarar zunubi da ɗaukakar daraja.

Na farko: Neman magani yana cikin addini

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, jikinka amana ne a hannunka. Allah Maɗaukakin Sarki Ya hana mu kashe kawunanmu a Suratun Nisa'i, aya ta 29, Ya kuma hana mu jefa kawunanmu cikin halaka a Suratul Baƙara, aya ta 195. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Usama ɗan Sharik, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci bayin Allah da su nemi magani. Malamai sun ce idan barin magani zai kai mutum ga mutuwa ko ga rasa wata gaɓa, kuma an jarraba maganin an ga yana aiki, to shansa ya zama wajibi. Insulin ga wanda jikinsa ya daina samar da shi yana cikin wannan babi.

Allah Ya ɗauke ƙunci daga makaho da gurgu da majinyaci a Suratun Nur, aya ta 61, da Suratul Fathi, aya ta 17. Abin da aka ɗauke maka shi ne abin da ya fi ƙarfinka. Wanda kake iyawa, da kanka ko da taimakon wani, yana nan a kanka, domin Allah Ya umarce mu da jin tsoronSa gwargwadon iko a Suratut Tagabun, aya ta 16.

Na biyu: Mene ne ciwon, kuma me ya sa ya fi tsanani ga mai naƙasa

Abincin da muke ci, musamman tuwo da shinkafa da burodi da kayan zaƙi, yana narkewa ya zama suga a cikin jini. Akwai wata gaɓa a cikin ciki da likitoci ke kira pankiriyas, ita ke samar da insulin, shi kuma insulin shi ke shigar da sugan cikin tsokoki da sauran sassan jiki domin ya zama ƙarfi. A nau'i na ɗaya jiki yana daina samar da insulin, don haka ba makawa sai allura. A nau'i na biyu, wanda shi ya fi yawa ga manya, insulin ɗin yana nan amma bai isa ba, ko jiki ba ya amsa masa yadda ya kamata. Sugan da ya taru a jini shekara da shekaru yana lalata jijiyoyin ido da ƙoda da zuciya da ƙafa.

Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 manya miliyan 537 ne ke da ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kimanin mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, suna da naƙasa mai tsanani, kuma hatsarin kamuwa da ciwon suga a gare su ya ninka na sauran mutane. Dalilan a fili suke: ƙarancin motsa jiki, wahalar isa asibiti, talauci, da cin abin da aka samu ba abin da aka zaɓa ba. Sannan ciwon da kansa yana jawo naƙasa, kamar makanta da yanke ƙafa da shanyewar ɓarin jiki. Wanda yake tafiya da hannuwansa, ko yake karatu da yatsunsa, ko ƙafa ɗaya ta rage masa, gaɓar da ta rage ita ce jarinsa. Kula da suga shi ne tsaron wannan jari.

Na uku: Gwajin suga

Na'urorin gwaji suna nuna lamba da ɗayan ma'auni biyu: mg/dL ko mmol/L. Idan ka raba na farko da 18 za ka samu na biyu. Abin da ake nema ga yawancin manya shi ne 80 zuwa 130 mg/dL kafin cin abinci, da ƙasa da 180 bayan cin abinci da awa biyu. Akwai kuma gwajin asibiti mai suna HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce, ana so ya kasance ƙasa da kashi 7 ga mafi yawan mutane. Likita yakan sassauta wannan iyaka ga tsoho, da mai zama shi kaɗai, da wanda ba ya jin alamun faɗuwar suga. Don haka ka tambaye shi iyakarka.

Ka wanke hannu ka busar kafin gwaji, domin ragowar dabino ko mangwaro a yatsa yana sa na'ura ta ba da lambar ƙarya. Ka huda gefen yatsa, ba tsakiyarsa ba, musamman idan da yatsun kake karatu ko tura keke. Akwai na'urori masu faɗar lamba da murya domin makafi. Akwai kuma waɗanda ake mannawa a dantse su riƙa aika sakamako zuwa waya, sai dai suna da tsada. Wanda bai samu waɗannan ba sai ya tsayar da mutum ɗaya amintacce da zai riƙa karanta masa yana rubutawa a littafi, a tafi da littafin ranar ganin likita.

Na huɗu: Magani da allura

Ka san sunan maganinka. Metformin da wuya ya kayar da suga idan shi kaɗai ake sha. Glibenclamide da insulin kuwa suna iya kayar da shi ƙwarai idan aka sha ba a ci abinci ba. Wanda abincinsa ba shi da tabbas, kamar mai jiran abin da za a aiko masa, ya gaya wa likita gaskiyar halinsa, kada kunya ta hana shi, domin a zaɓa masa maganin da ya dace da rayuwarsa.

Insulin yana zuwa da ƙarfi daban-daban, akwai mai lamba 40 akwai mai lamba 100, kowanne da sirinjinsa. Haɗa kwalbar wannan da sirinjin wancan yana sa mutum ya yi wa kansa fiye da kima ko ƙasa da kima, kuma duka biyun hatsari ne. A duba lambar kwalba da ta sirinji duk lokacin da aka sayo sabo. Ga makaho da mai rawar hannu da mai hannu ɗaya, insulin mai siffar alƙalami ya fi sauƙi, domin yana yin ƙara a kowane awo idan ana murza shi, ana iya ƙirgawa da kunne da yatsa. Idan kwalabe biyu ne, a ɗaura wa ɗaya roba ko zare domin a bambance su da taɓawa.

Ana yin allurar a ƙarƙashin fatar ciki ko cinya ko bayan dantse, ana canja wuri kullum don kada wurin ya yi ƙullutu ya daina shan magani. Wanda ƙafarsa ta tsotse saboda shan inna, ko ɓarinsa ya shanye, ya nemi ma'aikacin jinya ya nuna masa wurin da ya fi dacewa.

Insulin ɗin da ba a buɗe ba ana ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, kada ya daskare. Wanda aka buɗe yakan yi kimanin mako huɗu idan zafi bai wuce digiri 30 ba. A watannin bazara ɗaki yana wuce haka. Inda babu wuta, a sa kwalbar cikin leda ko gwangwani mai murfi, a ajiye ta a cikin ƙaramar tukunyar ƙasa da aka zaunar cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa. Kada a bar insulin a aljihun keke ko a mota cikin rana.

Ta fuskar shari'a, insulin ɗin da ake sayarwa a yau mafi yawansa haɗa shi ake yi a masana'anta, tun daga shekarar 1982, ba daga jikin alade ake ciro shi ba. Goge fata da audugar da aka jiƙa da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta kafin allura shi ma babu laifi a cikinsa.

Zuma da dabino da habbatus sauda abubuwa ne masu albarka, ruƙiyya ta shari'a kuma alheri ce. Sai dai zuma da dabino suna ɗaga suga kamar kowane abu mai zaƙi, kuma babu ɗayansu da ke maye gurbin insulin. Duk wanda ya ce ka ajiye allura ka koma ga haɗinsa, to yana wasa da ranka. Abu Dawud da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ya ɗora lamuni a kan wanda ya shiga aikin magani alhali ba a san shi da iliminsa ba. Haka nan ka guji shan ƙwayoyi irin su dexamethasone da prednisolone don ciwon gaɓɓai ba da izinin likita ba, domin suna ɗaga suga. Wasu magungunan taɓin hankali ma suna yin haka, don haka masu shansu a riƙa gwada su a kai a kai, ba tare da an dakatar da maganin ba.

Na biyar: Faɗuwar suga

Wannan shi ne hatsarin da ke kisa cikin gaggawa. Suga ya faɗi idan lamba ta yi ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L. Alamunsa su ne zufa, karkarwa, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri, saurin fushi, ruɗewa, sannan suma ko farfaɗiya. Da zarar an ji haka, a sha abu mai zaƙi kimanin giram 15: cokalin shayi uku zuwa huɗu na suga a ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kofin lemon kwalba. A jira minti 15 a sake gwadawa. Idan bai tashi ba a maimaita, idan ya tashi a ci abinci. Idan babu na'ura kusa, a sha zaƙin kawai.

Wanda ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, domin zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti. Kada a tsaya ana cewa iskokai ne suka buge shi, ana ta hayaƙi lokaci yana ƙurewa. A yi masa addu'a a hanya.

Naƙasa tana iya ɓoye waɗannan alamu. Wanda lakarsa ta samu rauni daga sama wani lokaci ba ya yin zufa ko jin bugun zuciya. Bebe da mai tawayar hankali ba za su iya faɗar abin da suke ji ba, sai dai ka ga halinsu ya canja, shiru ya yi yawa ko rigima ta tashi ba dalili. Duk canjin da ya zo farat ɗaya, a fara da gwada suga. Ka ajiye suga ko alewa inda hannunka zai kai ba sai ka kira kowa ba: a jakar keke, a ƙarƙashin matashi, a aljihu. Ka riƙa ɗaukar takarda mai bayanin cewa kana da ciwon suga, da sunan maganinka, da lambar wanda za a kira.

Idan zazzaɓi ko amai ko gudawa suka kama ka, kada ka daina insulin da ra'ayinka, domin rashin lafiya yakan ɗaga suga ko da ba a ci komai ba. Ka yawaita gwaji da shan ruwa. Idan aman ya ƙi tsayawa, ko suga ya tsaya sama da 300, ko numfashi ya canja, to sai asibiti.

Na shida: Abinci da motsa jiki

Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adi Karib shiriyar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta raba ciki gida uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Wanda ba ya yawan motsi, buƙatarsa ta abinci ba ta kai ta manomi ba. Hanya mai sauƙi ita ce ka raba kwanonka: rabi ganye, kamar zogale da rama da alayyafo da kabeji da kuɓewa, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko awara ko nama, ragowar kuma tuwo ko shinkafa ko doya. Gero da dawa da acca da ba a cire musu dusa sosai ba sun fi farin burodi da farar shinkafa, amma su ma da awo. Koko da kunu da fura suna saurin ɗaga suga, balle an zuba musu suga. Lemon kwalba da zoɓo mai zaƙi a bar su domin ranar faɗuwar suga. Makaho ya riƙe kwano ɗaya da ludayi ɗaya, su zama ma'auninsa. Mai allura kuma ya tsare lokutan cin abincinsa.

Ana so baligi ya samu kimanin minti 150 na motsa jiki a mako. Tura keke da hannu motsa jiki ne. Ɗaga gorar ruwa a zaune, miƙe hannuwa da kafaɗu, tafiya da ɗan jagora zuwa masallaci, duk suna cikin lissafi.

Na bakwai: Ƙafa da fata

Ciwon suga yana kashe jin zafi a ƙafa, ya kuma rage gudun jini, sai ƙaramin rauni ya zama gyambo, gyambo ya kai ga yankewa. Hatsarin ya fi yawa ga wanda dama ba ya ji sosai, kamar wanda ya yi kuturta ko mai raunin laka. A duba ƙafa kullum, sama da ƙasa da tsakanin yatsu, da madubi ko da idon wani, makaho kuma ya shafa da hannu. Kada a yi tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida ko a harabar masallaci da rana. A zazzage takalmi kafin a sa. A gwada zafin ruwa da gwiwar hannu. Da hunturu kada a kusantar da ƙafa ga kaskon wuta. A tsane tsakanin yatsu bayan kowace alwala. Kada a miƙa ƙafa ga mai yankan farce na kan titi, kada a yi mata tsaga ko ƙaho. Mai jan jiki da hannu da gwiwa ya sa musu kariya, ya duba su kamar yadda ake duba ƙafa. Mai ƙafar roba ya duba dungulmin kullum. Wanda ke kwance a riƙa juya shi kamar duk awa biyu, mai zaman keke kuma ya riƙa ɗaga jikinsa a kai a kai. Rauni mai wari ko kumburi ko baƙi ba a kwana da shi a gida. Sau ɗaya a shekara, aƙalla, a duba ido da ƙoda da ƙafa a asibiti, a riƙa kuma auna hawan jini.

Na takwas: Tsarki

Ɗigon jinin gwaji da na allura ba ya warware alwala. A wurin Malikiyya da Shafi'iyya fitar jini daga jiki, in ba ta mafita biyu ba, ba ya warware ta ko da yana da yawa. Hanafiyya sun shardanta ya kwarara, Hanbaliyya kuma ya yi yawa. Ɗan abin da ya taɓa tufafi an yi rangwame a kansa.

Idan akwai bandeji a gaɓar alwala, ka wanke inda yake buɗe, ka shafi bandejin. Idan ruwa zai cutar da rauni ko ya jinkirta warkewarsa, kuma shafar ma ba za ta yiwu ba, sai taimama, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida, aya ta 6. Na'urar da ake mannawa a dantse tana sama da gwiwar hannu, ba ta shiga alwala, a wanka kuwa malamai da dama na wannan zamani sun ba ta hukuncin bandeji. Wanda aka yanke wa ƙafa ko hannu ya wanke abin da ya rage na wurin farilla. Idan an yanke sama da idon sawu ko sama da gwiwar hannu, wankin wannan gaɓa ya faɗi. Ya halatta wani ya yi maka alwala ko taimama idan ka kasa, niyya kuwa taka ce.

Mai yoyon fitsari da wanda aka sa wa robar fitsari masu uzuri ne. A mazhabar Malikiyya, idan yoyon yana ɗaukar rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala, sai dai an so a sabunta ta idan babu wahala. Mafi yawan sauran malamai sun ce ya tsarkake wurin, ya sa abin da zai tare, ya yi alwala bayan shigar lokaci, abin da ya fita bayan haka ba ya cutar da shi. Amma yawan zuwa fitsari wanda mutum yake iya riƙewa ba ya cikin wannan hukunci, alama ce ta cewa suga ya hau.

Na tara: Salla

Salla ba ta faɗuwa matuƙar akwai hankali. Buhari ya ruwaito cewa Imrana ɗan Husaini, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi fama da basur, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da yin salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. Ka yi salla a kan kekenka idan saukowa yana yi maka wuya, ka yi nuni da kai, sujada ta fi ruku'u sunkuyawa. Ladanka kuma cikakke ne, domin hadisin Abu Musa a Buhari ya nuna ana rubuta wa majinyaci irin abin da yake yi yana lafiya.

Idan alamun faɗuwar suga suka zo maka kana cikin salla, ka yanke ta, ka sha zaƙi, idan ka dawo daidai ka sake ta. Idan ka riga ka yi allura, abinci ya zo, aka tayar da iƙama, ka fara da abincin, domin sunna ta zo da gabatar da abincin da aka ajiye a kan salla ko ga mai lafiya. Majinyacin da ke tsoron suma a lokacin salla ta biyu, Malikiyya sun yarda ya haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Isha'i, a lokacin ta farko, Hanbaliyya kuma sun faɗaɗa wannan ga duk majinyacin da rabawa ke wahalar da shi. Wanda ya suma har lokacin salla ya fita gaba ɗaya, babu ramuwa a kansa a wurin Malikiyya da Shafi'iyya, Hanbaliyya kuwa sun ce ya rama, kuma ramawar ta fi kuɓutarwa idan suman bai daɗe ba.

Na goma: Azumi

Allurar insulin ba ta karya azumi, haka ma huda yatsa don gwaji. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a shekarar 1997, ta yanke cewa allurar magani ta fata ko ta tsoka ko ta jijiya ba ta karya azumi, ban da ruwan da ake ƙarawa a madadin abinci. A zamanta na Sharja a shekarar 2009 kuma ta kasa masu ciwon suga gida huɗu. Gida biyu na farko su ne waɗanda azumi ke da hatsari babba a kansu, ta ce wajibi ne su sha. A cikinsu akwai masu nau'i na ɗaya, da wanda sugansa ya yi mummunar faɗuwa a wata uku kafin Ramadan, da wanda yake yawan faɗuwa ko ba ya jin alamun faɗuwar, da mai wankin ƙoda, da mace mai ciki, da mai zama shi kaɗai yana amfani da insulin, da tsoho mai rauni. Gida biyu na ƙarshe su ne waɗanda ciwonsu ya daidaita, su kam za su yi azumi.

Ka ga likita mako shida zuwa takwas kafin Ramadan, domin ya faɗa maka gidan da kake, ya kuma gyara awo da lokacin magani. Idan an yarda ka yi, ka jinkirta sahur, ka riƙa gwaji da rana, kada ka cika ciki da kunu da ƙosai da lemo a buɗa-baki. Idan suga ya yi ƙasa da 70, ko ya haura 300, ko alamu suka bayyana, ka karya nan take ko da saura minti kaɗan a sha ruwa. Yin haka biyayya ce ga Allah, Wanda Ya bayyana a Suratul Baƙara, aya ta 185, cewa sauƙi Yake nufi da mu.

Wanda zai iya ramawa, ya rama a kwanakin sanyi, ko da a rarrabe. Wanda likita amintacce ya ce ba zai iya ba har abada, sai ya ciyar da miskini ɗaya a madadin kowace rana: mudu ɗaya na Annabi, wato cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum, ba mudun kasuwa ba, wasu malamai kuma sun ce rabin sa'i, kimanin kilo ɗaya da rabi. Ciyarwar wajibi ce a wurin jumhur, mustahabbi ce a wurin Malikiyya. Wanda ba shi da hali, Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda ba shi da hankalin da zai gane ibada kuwa, babu salla ko azumi ko ciyarwa a kansa, saboda hadisin ɗauke alƙalami daga mutum uku, kuma kula da maganinsa yana wuyan waliyyinsa.

Na sha ɗaya: Ga mai kula da shi

Ya kai wanda Allah Ya ɗora wa wannan hidima, ka koyi gwaji da allura da alamun faɗuwar suga, ka kuma koyar da mutum na biyu a gidan, saboda ranar da ba ka nan. Ka tuna baligi ne mai ra'ayinsa. Ka bar masa abin da yake iya yi da kansa, ka nemi izninsa kafin ka taɓa jikinsa, kada ka yi masa gori idan lamba ta hau, kuma ka rufa masa asiri. A asibiti, ka bari likita ya yi magana da shi kai tsaye, kurma kuma a samo masa mai fassara da maganar hannu ko a rubuta masa. A Najeriya, dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba su haƙƙin a fara sauraronsu a layi, don haka neman wannan ba roƙo ba ne.

Wajen allura da tsarki, miji ko mata su ne a gaba, sannan namiji ga namiji, mace ga mace. Idan babu, lalura tana halatta wani jinsin, a buɗe iya wurin buƙata, a guji keɓewa da wanda ba muharrami ba. Ciyar da iyaye da 'ya'ya mabuƙata wajibi ne a kan mai hali, kuma ya halatta a ba matalaucin majinyaci zakka ya sayi insulin da kayan gwaji. Mai aika wa maƙwabcinsa majinyaci abinci ya tambayi abin da ya dace da shi. Masu kula da masallatai kuma su gyara hanyar shiga da wurin alwala domin masu keke. Allah Ya saukar da farkon Suratu Abasa a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho ne, kuma ya zama ladanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ya riƙa wakilta shi a kan Madina idan zai yi tafiya.

Abin da muka ambata na awo da lambobi bayani ne na gaba ɗaya. Awon maganinka da hukuncin ko jikinka zai ɗauki azumi suna hannun likitan da ya duba ka.

Allah ne Mafi sani.